TUKUNYA DA TSINGARO: DARASI A KAN TARIHIN DA KE CIKIN ƘASA

Gabatarwa

Darasinmu na bana a kan tukunya ne. Wani zai ce, me ke cikin tukunya har da za a ba ta shafi a littafin makaranta? Ai kowa ya san ta. Da wuya mutum ya shiga gida a ƙauyukan Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko Babura, ya rasa randa a gindin bishiya ko tulu a lungun ɗaki. In ta fashe kuwa, sai a share tsingaron a kai juji, ko a bar wa kaji babban ɓallin su sha ruwa a ciki, shi ke nan an manta da ita.

To, amma masana tarihi ba su ɗauki tsingaro abin banza ba. Masarautar Kazaure ta kafu ne a farkon ƙarni na 19, zamanin Ɗantunku, kuma labarin sarakunanta sananne ne. Jihar Jigawa kuwa a 1991 aka ƙirƙiro ta. Amma tun kafin wannan duka, mutane sun zauna a gindin duwatsun nan namu, sun yi noma, sun dafa tuwo, sun binne matattunsu. Ba su bar mana takarda ba. Tufafinsu sun ruɓe, ɗakunansu sun rushe, gara ta cinye ƙorensu da akusansu. Abin da ya fi daɗewa cikin kayansu shi ne tukwane. Saboda haka a wannan darasi za mu duba yadda ake gina tukunya, da yadda wasu al'ummai suka ƙawata tasu, da yadda masana ke karanta tsingaro, sannan mu ga abin da ya wajaba a kanmu idan mu ne muka tsinci tsohuwar tukunya a gona.

Me ya sa tukunya ba ta ruɓewa?

Idan muka murza yumɓu muka shanya a rana zai bushe ya yi tauri, amma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya koma laka. Wannan ne dalilin da ya sa ake yi wa katangar ƙasa yaɓe kafin damina. Wuta ce ke sauya al'amarin. Akwai wani ruwa da ke ɗaure cikin ƙwayoyin yumɓu, wanda rana ba ta iya fitar da shi. Idan zafi ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin zafi, wannan ruwa yana fita, kuma ba ya sake komawa. Mu tuna ruwa yana tafasa ne a digiri 100 kawai. Daga nan yumɓu ya zama wani abu dabam. Ana iya fasa shi, ana iya daka shi, amma ruwa ba ya narkar da shi, gara ba ta cinsa, tsatsa ba ta kama shi.

Matoyar da maginanmu ke kunnawa a fili da kara da ciyawa da kashin shanu tana kai digiri 600 zuwa 900. Tukunyar da aka toya a irin wannan zafi tana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma za mu ga amfaninsu a gaba. Tangaran kuwa, wato farantai da kofuna masu santsi da muke saye a kanti, sai an kai wajen digiri 1,300 a rufaffiyar matoya, inda ƙasar ke narkewa ta haɗe kamar gilashi.

Tukwanen ƙasarmu

Hausa tana da sunaye da yawa na kayan yumɓu, kuma kowane suna da aikinsa. Randa babba ce mai faɗin baki, a gida take zama ana tara ruwa. Tulu yana da ƙaramin baki da wuya, don kada ruwa ya fantsama idan an ɗauko daga rijiya. Kwatarniya buɗaɗɗiya ce, ta wanki da jiƙo. Akwai tukunyar tuwo da ta miya, da kasko na tuya ko na turaren wuta, da tanda mai gurabu ta toya waina, da shantali, da asusu na tara kuɗi, wanda sai an fasa shi ake cin amfaninsa. A wurare da dama har kabari da tukwane ake rufe shi kafin a tura ƙasa. Ke nan yumɓu yana tare da mutum tun daga wankan jego har ranar binnewa.

Ga yadda aikin yake a taƙaice. Magini yakan haƙo yumɓu a fadama ko bakin kududdufi, ya jiƙa, ya tsince tsakuwa. Sai ya haɗa shi da ƙaiƙayi, ko busasshen kashin jaki, ko dakakken tsingaro, ya tattake sosai. Wannan haɗi shi ke hana tukunya tsagewa wajen bushewa da wajen tuya. Daga nan ya kifa wata tsohuwar tukunya, ya barbaɗa mata toka don kada yumɓu ya manne, ya shimfiɗa yumɓun a kanta yana bubbugawa har gindin sabuwa ya fito. Idan ya ɗan sha iska sai a cire a juyo shi, a riƙa ƙara yumɓu ana ɗaga jiki, ana bugawa da katako daga waje, ana tarewa da dutse daga ciki. A ƙarshe a fitar da wuya da baki, a shafe da jiƙaƙƙen tsumma ko ganye.

Kafin ta gama bushewa ake yi mata ado. Wasu sukan shafa jar ƙasa su goge da dutse mai santsi ko da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare, har ta yi sheƙi. Wasu sukan mirgina murɗaɗɗiyar igiya, ko ɗan sassaƙaƙƙen icce, ko totuwar masara a kafaɗarta, zane ya fito. A wasu wurare akan shafa wata ƙasa mai ƙyalƙyali, tulu ya fito kamar an watsa masa zinariya. A wasu garuruwan Hausa maza ne ke wannan sana'a, a wasu mata, a ƙasar Gwari kuwa aikin mata ne. Da rani aka fi yin ta. Mai saye kuma ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa. In ta yi ƙara garau, ta toyu. In ta yi dum-dum, to da tsaga ko wuta ba ta ratsa ta ba.

Son kwano mai kyau ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu dubi jeren amarya. Kakanninmu da ƙore masu zane suka yi jere, daga baya tasoshi suka shigo, sannan kwanonin fenti masu furanni, yanzu kuma tangaran da gilashi a cikin kabad. Hatta magina soro sukan kafa tasa ko faranti a tsakiyar rufin ɗaki don ƙawa. Wanda ya san wannan jeri zai iya duban ɗakin tsohuwa ya ƙiyasta zamanin da aka yi mata aure. Mu riƙe wannan misali, domin kusan haka masana ke yi da tsingaro.

Tukwanen wasu ƙasashe

Tsingaro mafi tsufa da aka sani an same shi ne a wani kogo mai suna Xianrendong a ƙasar Sin. A 2012 masana suka bayyana cewa ya kai wajen shekara 20,000. Mutanen da suka gina waɗannan tukwane ba su fara noma ba tukuna, farauta da tsince-tsince suke yi. A nan Afirka kuwa, mafi tsufa yana cikin yankinmu na yamma. An tono shi a Ounjougou, ƙasar Dogon ta Mali, kuma ya haura shekara 11,000. Ke nan tun kafin a yi Fir'auna na farko a Masar da dubban shekaru, ana girki a tukunya a ƙasar Mali ta yau.

A Japan akwai wani dogon zamani da ake kira Jomon. Ma'anar sunan ita ce zanen igiya, domin da igiya suke danna ado a jikin ɗanyar tukunya, kamar dai yadda maginanmu ke yi. A ƙasar Iraƙi ta yau aka fara amfani da faifan da ke juyawa wajen gini, fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Irin wannan aiki ne Irmiya ya tarar ana yi da ya je gidan maginin tukwane, kamar yadda sura 18 ta littafinsa ta ba da labari.

Mutanen Girka sun mai da jikin tulu kamar allon zane. Da farko sukan zana mutane da baƙi a kan jan yumɓu. Wajen shekara 530 kafin haihuwar Almasihu, maginan birnin Atina suka juya abin, suka baƙanta jikin tulun suka bar mutanen ja. Daga waɗannan zane-zane muka san irin tufafinsu, da wasanninsu, da makamansu, har da yadda yaransu ke zama gaban malami. A birnin Roma kuma akwai wani tudu mai tsawon mita 35 da ake kira Monte Testaccio. Duk wanda ya gan shi zai zaci dutse ne irin namu na Roni, alhali juji ne na fasassun tuluna, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 53. Man zaitun aka kawo a cikinsu, yawanci daga ƙasar Sifen, kuma da yawa suna ɗauke da hatimi da rubutun nauyin man da sunan ɗan kasuwa. Daga juji aka karanta cinikin daula guda.

A Peru, can Amurka ta Kudu, mutanen Moche sun gina butoci masu siffar kan mutum tsakanin shekara ta 100 da ta 800 bayan haihuwar Almasihu. Ba su san faifan juyawa ba, amma har tabon fuska suna fitarwa. A ƙarni na 9 maginan Iraƙi suka ƙware wajen shafa wa kwano wani haɗi na azurfa da jan ƙarfe, ya fito yana walƙiya. Tangaran kuwa mutanen Sin ne suka gano shi, da wata farar ƙasa suke yin sa, kuma sun daɗe suna sayar wa duniya ba tare da kowa ya san sirrin ba. Sai a 1710 aka buɗe masana'antar tangaran ta farko a Turai, a garin Meissen na Jamus.

Abin lura shi ne, ko'ina muka duba, mutane ba su tsaya ga tukunyar da za ta riƙe ruwa kawai ba. Sai sun yi mata ado, kuma kowace al'umma da irin hannunta, kowane zamani da yayinsa.

Yadda masana ke karanta tsingaro

Hanya ta farko ita ce duban shimfiɗar ƙasa. Juji daga ƙasa yake tasowa, saboda haka abin da ke can ƙasa ya riga na sama zuwa. Masani yakan haƙa a hankali, taki-taki, yana rubuta zurfin da ya sami kowane ɓalli da abin da ke kusa da shi. Wani Baturen Ingila mai suna Flinders Petrie ya nuna amfanin wannan a 1890 a wani tsohon tudu a ƙasar Falasɗinu. A 1899 kuma ya jera kaburburan Masar daga na farko zuwa na baya, ta hanyar duban yadda siffar tukwanen cikinsu ke sauyawa.

Hanya ta biyu ita ce adon da kansa. Masara daga Amurka ta zo, kuma ba ta ƙetaro teku ba sai bayan 1492. Saboda haka duk tsingaron da muka gani da zanen totuwar masara, mun san bai kai shekara 600 ba, kome tsufan da ya nuna a ido. Haka ma taba, ita ma daga Amurka ta zo. Idan aka sami fasasshen lofe a wani taki na juji, an san wannan taki bai riga zuwan taba ba.

Hanya ta uku ta ɗakin gwaji ce. Gawayi, ko ƙashi, ko ƙonanniyar ƙwayar hatsi da aka samu tare da tukunya, ana auna wani sinadari da ke raguwa a cikinsu sannu a hankali tun ranar da abin ya mutu, a san shekarunsa. Ita tukunyar ma ana iya auna tsawon lokacin da ya wuce tun da ta shiga wuta.

Hanya ta huɗu ta fi ban mamaki. Waɗannan ƙananan ƙofofi na jikin tukunya suna shan maiƙon abin da aka dafa, su riƙe shi shekaru dubbai. A 2012 aka sami alamar madara a tsingaron wani kogo a hamadar Libiya, aka tabbatar da cewa makiyaya suna tatsar dabbobi a can wajen shekara 7,000 da suka wuce, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna.

Duk waɗannan hanyoyi, musamman ta farko da ta uku, sun dogara ga abu guda, wato a sami tukunya a inda take kwance. Idan aka tumɓuke ta aka wanke aka kai kasuwa, an raba ta da gawayinta da maƙwabtanta, ta zama kamar shafin da aka yage daga littafi aka jefar da sauran.

Abin da aka samu a Najeriya da Nijar

A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na toyayyen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wa wani jami'i mai suna Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don tsorata ɓarayin gona na daji. Fagg ya lura hannu ɗaya ne da na farko, ya shiga bincike, kuma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Tun daga 2005 masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus da abokan aikinsu na Najeriya suka tono wurare da yawa na mutanen Nok. Sun gano cewa sun fara zama a yankin wajen shekara 1500 kafin haihuwar Almasihu, kuma gero da wake suke nomawa, abincin da muke nomawa yau a Gwiwa da Babura. A 2021 aka sanar da samun alamar kakin zuma a tukwanensu. An ce da tsohuwar zuma ake magani, to ga tsohuwar zuma ta shekara 3,500 ta ba da shaida.

An kuma sami mutum-mutumin yumɓu masu tsufa a ƙasar Katsina da ta Sakkwato, amma yawancinsu masu haƙar sata ne suka fitar da su, don haka abin da aka sani game da masu ginin kaɗan ne ƙwarai. A Durɓi ta Kusheyi, cikin Jihar Katsina, ba nisa da mu sosai, an tono manyan kaburbura a 1907 da kuma 1992. An sami kwanonin ƙarfe, da wuri, da kayan ado na zinariya da na hauren giwa, kuma mafi tsufan kaburburan ya kai ƙarni na 13 ko na 14. Da yake masana ne suka yi tonon 1992, an iya nuna cewa ƙasar Hausa tana ciniki da ƙasashe masu nisa tun wancan zamani.

A Jamhuriyar Nijar an gano wata tsohuwar maƙabarta a Bura a 1975, kuma masani Boubé Gado ya tone ta a 1983, ya sami ɗaruruwan tulunan binne mamaci masu ado. Da labarin ya bazu sai masu haƙar sata suka auka wa yankin, suka lalata wurare masu yawa. A shekara ta 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta fitar da jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari, ta sa na Nok, da na Katsina, da na Sakkwato, da na Bura a ciki, ta gargaɗi kowa kada ya saya.

Su wane ne ke tsinta?

Idan muka duba da kyau, ba masana ne ke fara ganin waɗannan abubuwa ba. A Nok leburorin kuza ne. A Igbo-Ukwu, cikin Jihar Anambra ta yanzu, wani mutum ne yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa ya ci karo da kayan tagulla, waɗanda Thurstan Shaw ya bi sawunsu a 1959 da 1960, har aka sami tulun tagulla mai siffar igiya a jikinsa, na wajen ƙarni na 9. A 1947 wani makiyayi ya shiga kogo a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, ya tarar da dogayen tuluna masu murfi. A kogon aka sami naɗaɗɗun littattafai, har da cikakken littafin Ishaya da aka rubuta fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A 1974 manoma masu haƙar rijiya a ƙasar Sin suka faɗa kan rundunar sojojin yumɓu, wajen 8,000, da aka binne kusa da kabarin sarkinsu na farko. A 1987 wani Bafillace mai haƙar rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe maƙwabciyarmu, ya taɓo wani icce, ya kai rahoto, ashe kwalekwale ne mai shekara wajen 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Makiyayi, da manomi, da mai haƙar rijiya, ai mu ke nan da iyayenmu. Duk shekara garma tana juya ƙasa, ruwa yana zaizaye bakin kwari, ana haƙar ƙasar gini kusa da kufai. Abin da mutum na farko ya yi a ranar da ya gani, shi ke sa a sami tarihi ko a rasa shi har abada.

Sana'ar da ba ta tsufa ba

Kada mu zaci tukunya ta gidan tarihi ce kawai. Mu ɗauki takardar naira ashirin mu juya bayanta. Matar da ke zaune tana gini ita ce Ladi Kwali, 'yar ƙasar Gwari, wadda aka haifa wajen 1925, ta rasu a 1984. A gida ta koyi gini. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tulunanta, kuma a fadarsa wani magini Bature, Michael Cardew, ya gan su. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Takan zana ƙadangare, da kunama, da kifi, da tsuntsu a jikin randa. Ta nuna aikinta a Ingila da Amurka, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa.

Misali na biyu daga jiharmu yake. Mun san ruwan randa ya fi na jarka sanyi. Dalili shi ne ruwa yana tsattsafowa ta ƙofofin jikin randa, iska ta busar da shi, kuma duk ruwan da zai bi iska sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki. Jarkar roba ba ta da ƙofofin nan. Wani malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga zuriyar magina tukwane, ya yi aiki da wannan sani a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da barkono suka kai mako 3. Ya raba dubban irin waɗannan tukwane a ƙauyukan Jigawa, kuma a shekara ta 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000. Dabarar ta fi ci da rani lokacin da iska ke bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa. Ba ta bukatar lantarki ko man fetur, sai dai magini, kuma magina suna raguwa, domin roba da tukunyar ƙarfe sun cika kasuwa, yara kuma ba su cika son gadon sana'ar ba.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, idan muka ga cikakkiyar tsohuwar tukunya, ko mutum-mutumin yumɓu, ko tarin tsingaro da ƙashi da gawayi a cikin ƙasa, mu dakata da haƙa. Kada mu fasa don neman dukiya, kada mu wanke, kada mu ɗauke daga wurin.

Na biyu, mu shaida wurin, mu gaya wa mai unguwa ko dagaci da malamin tarihi, su kuma su sanar da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Gidan Makama a Kano yana ƙarƙashinta.

Na uku, kada mu sayar wa baƙon da ya zo da kuɗi yana tambayar kayan da. Dokar 1979 da ta kafa wannan hukuma ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba tare da izini ba. Kuɗin zai ƙare a kasuwa ɗaya, abin kuwa ba zai dawo ba.

Na huɗu, mu girmama maginan da suka rage a garuruwanmu, mu sayi kayansu, mu zauna mu ga yadda suke yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannun yaro ya fi saurin koyon yumɓu.

Tambayoyi da aikin hutu

1. Me ya sa busasshen yumɓu ke narkewa a ruwa, amma toyayye ba ya narkewa?

2. Me ya sa tsingaro mai zanen totuwar masara ba zai kai shekara 1,000 ba?

3. Kawo abubuwa biyu da ake rasawa idan aka tumɓuke tsohuwar tukunya daga inda take.

4. A cika tulu da jarka da ruwan rijiya ɗaya da safe, a ajiye su a inuwa ɗaya, a auna zafin kowanne da azahar da la'asar har kwana 3, a rubuta sakamakon.

5. Kowane ɗalibi ya nemi tsoho ko tsohuwa a garinsu, ya tambayi sunayen kayan yumɓu da ake amfani da su a da, da inda ake haƙo yumɓu, da unguwar da magina suke. A rubuta sunayen yadda aka faɗe su, a zana siffar kowanne, a kawo wa malamin tarihi a makon farko na dawowa hutu.